Dutsen Gonar Fakku

A kasuwar Kebbe wani tsoho yana tsugune gaban mai sayar da duwatsun niƙa. Gemunsa fari fat, hannuwansa duk kanta. Yana jujjuya wani mulmulallen dutse, girmansa kamar goriba.

"Galma ta tono shi cikin gonata, can Fakku," in ji shi. "Aikin mutanen dauri na, ko ruwa ya mulmule shi?"

Mai duwatsun ya shafa shi, ya ce, "Baba, irin wanga cike suke ga gulbi."

Tsohon bai yi musu ba. Ina zaton wasu ne ke ja da shi a kan gonar, yake neman shaidar cewa kakanninsa sun yi niƙa a wurin. Ya goge dutsen da bakin riga, ya nufi rumfa ta gaba da tambayarsa.