Faifan Yaya a gonar Kawu

Na hango shi yana walƙiya a gonar Kawu a Gagarawa, an rataye shi yana korar tsuntsaye. Faifan wasan kwamfutar marigayi Yayana ne, wanda ake danna linzami ana yawo da jarumi a dajin aljanu.

"Kawu, wannan fa wasa ne!"

"Wasa? Tun da na rataye shi tsuntsu bai taɓa min gero ba."

Na cire shi na kai wa mai gyaran kwamfuta a Gumel. Kwamfutar yanzu ba ta gane shi ba, sai da ya sa manhajar da ke kwaikwayon ta da. Sai ga kiɗan da muke ji da Yaya!

Alhamdulillahi. Kawu dai yana jiran madadin faifan kafin girbi. Ku me kuka taɓa cetowa haka?