Fostar da Na Yi wa Ishaya Mai Jita

Da daminar bana Ishaya Mai Jita ya cika shekara ashirin da bakwai a ƙasa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ko a nan Jalingo, in ka tsaya a bakin kasuwa kana tambaya tun safe har azahar, da wuya ka samu wanda zai ce ya san shi. Ni na san shi. Abokina ne, kuma ni na zana fostar da aka tallata kaset ɗinsa, guda ɗaya tak da ya fitar a rayuwarsa. Na daɗe ina kewaye maganar wannan fostar. Bana na ga gara in faɗe ta tun ina da sauran numfashi.

Sunana Garba. Kakana ya zo garin nan daga Zariya da sana'ar ɗinkin hula, amma ni hannuna bai karɓi allura ba, burushi ya karɓa. Ina da ɗan shago a Kachalla Sembe inda nake rubuta alluna, in sassaƙa hatimin roba, in yi rubutu a jikin manyan motoci. A farkon shekarun casa'in, da Jalingo ta zama hedikwatar sabuwar jiha, aiki ya yi mana yawa. Kowane sabon ofis yana son allo, kowane mai shago yana son a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Mu masu fenti muka fara jin kanmu.

A cikin wannan hayaniyar Ishaya ya shigo shagona, an aiko shi a sabunta allon cocinsu. Ɗan Mumuye ne daga wajen Iware, manomin doya, gajere, mai faɗin kafaɗa. Ran Lahadi yana kaɗa jita a coci, sauran ranaku kuma in ya taso daga gona yana yin waƙoƙin kansa. Daga wannan allon muka saba. In ya shigo gari sai ya ajiye min doya biyu a bakin ƙofa, ya zauna a benci, ya yi ta kaɗawa ina aiki. Waƙoƙinsa a hankali suke tafiya, ba na rawa ba ne, kuma kusan duka da harshensu yake yi. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma in yana kiɗa layina ba ya karkacewa.

Wata shekara bayan an haƙe doya ya ɓace na kusan wata guda. Ashe Jos ya tafi, ya shiga situdiyo ya ɗauki waƙoƙinsa takwas. Ba kamfanin da ya tsaya masa, ba ubangida, doyarsa ce ta kai shi ta dawo da shi. Ya sauke katan-katan na kaset a shagona, farare fat ba rubutu a jiki, ya ce, "Malam Garba, ga yarana na kawo tsirara. Kai za ka ɗinka masu riga."

Abin da yake so ba shi da wuya. Yana son bangon kaset da fosta su zama iri ɗaya: kunyoyin doya a jere, dutse a bayansu, da mace ɗauke da kaya a kafaɗa yadda matan wajensu suke yi. Ba ya son fuskarsa ta fito. Sunan kaset ɗin da harshen Mumuye, ya faɗa min harafi bayan harafi na rubuta, ya ce ma'anarsa waɗanda suka rage a gona. Kwana uku na yi ina zanen da alƙalami da baƙar tawada a kan farin kwali. Har yau ban tsammanin hannuna ya sake yin abin da ya kai shi. Da ya gani sai ya ɗora yatsa a kan matar nan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce useko, yadda mutanen nan ke godiya.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma sai na ɗauki zanen na kai wa wani mai sayar da kaset a bakin tasha, wai in ji ra'ayinsa. Ya juya kwalin, ya yi dariya, ya ce wannan ai tallar takin zamani ce, in kai ofishin gona. Ya nuna min fostocin da ke manne a rumfarsa, na mawaƙan manyan birane, kowa da kwat da baƙin tabarau da taurari kewaye da kansa. Ya ce abin da ke tsayar da mai wucewa ke nan.

Maganar ta zauna min a rai. A lokacin na gaya wa kaina cewa taimakon Ishaya nake son yi. Yanzu da na tsufa na san abin da ya fi damuna shi ne kada manyan ma'aikatan da suka cika garin su ga fostar su ce mai zanen ɗan ƙauye ne. Sunan shagona zai fito a ƙasan takardar, kuma shi nake karewa.

Na yi ta lallashinsa har ya yarda. Na aro masa kwat wajen maƙwabcina tela, na sa masa baƙin tabarau, muka je wajen mai hoto ya tsaya gaban labule mai zanen dogayen gidaje, jita a rataye. Na yanke hoton da reza, na manna a sabon kwali, na zagaye shi da taurari. A lokacin akwai wasu harufa da muke saye a takarda mai santsi, ka ɗora ka goga da bayan biro su manne ɗaya bayan ɗaya. Da su na jera SABON TAURARON TARABA daga wannan gefe zuwa wancan. Sunan da shi ya zaɓa na tura shi can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sai ka sunkuya za ka gani.

Ya zo ya duba kafin in kai maɗaba'a. Ya riƙe kwalin nesa da fuskarsa, ya ce, "Malam, wannan mutum tana da kyau. Amma ba ni ba ce."

Na yi dariyar Hausarsa kamar yadda muka saba, na ce, "Ishaya, kai ka san jita, ni na san bango. Bar min wannan."

Ya bar min. An buga ta launi biyu, ja da baƙi, aka fara buga jan aka bari ya bushe sannan aka bi da baƙin. Muka dama sitaci a bokiti, ni da shi muka bi gari muna mannawa, daga tasha zuwa kasuwa, muka ratsa Abbare, ranar kasuwar Iware kuma muka hau mota muka kai can.

Fostar ta tsayar da masu wucewa, wannan kam mai kaset bai yi ƙarya ba. Samarin gari suka saya suna tsammanin kiɗan rawa. Suka sa a rediyo suka ji mutum ɗaya da jita yana waƙa a hankali da harshen da ba su ji. Wasu suka mayar, wasu suka riƙa tsokanarsa a hanya, suna ce masa tauraro ina tabarau. Mutanen da ya yi wa waƙoƙin kuwa, manoman da ke shigowa kasuwa da doya da gyaɗa, sun wuce fostar ba su ko waiwaya ba, don ba su ga abin da ya shafe su a ciki ba. Ishaya ya gaya min cewa ƙanwar mahaifiyarsa ta wuni tana sayar da kayan miya a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu a Iware, ba ta san ɗanta ne a saman kanta ba. Yana faɗa yana murmushi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ba a yi wata biyu ba aka shiga yaƙin neman zaɓe. Fostocin 'yan siyasa suka rufe kowane bango a garin, har da namu. Wasu daga cikin waɗanda suka rufe shi ma ni na tsara su.

Sau biyu ya zo yana roƙona in fito da zanen farko, a buga shi ko da ƙananan takardu ne da za a raba a coci-coci da kasuwannin ƙauye. Na ce masa to, bari in rage aiki. Ban rage ba. Zuwa na uku bai tayar da maganar ba, ya zauna ya yi kiɗansa ya tafi. Kaset ɗin da suka yi kwantai, daga baya ya bayar da su ga masu rumfunan kaset, su kuma suka yi abin da suka saba yi da kayan da ba ya tafiya: suka ɗora waƙoƙin wasu a kai suka sayar. Haka muryarsa ta riƙa gogewa, kaset bayan kaset, a rumfunan da ke kallon shagona.

Ya koma gona gaba ɗaya. Ba mu ɓata ba, doyarsa ba ta daina zuwa ƙofata ba, amma jitar ta daina biyo shi gari. Bayan 'yan shekaru, da tsakiyar damina, maciji ya sare shi yana gyaran kunya. Kafin a samu motar da za ta fito da shi daga gonar rai ya yi halinsa. Na je jana'iza na tsaya daga baya-baya, ina jin mata suna waƙoƙin coci. Ba wanda ya rera nasa ko ɗaya.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Aikin da nake kwana uku a kansa, yanzu matashi zai gama shi a waya kafin shayinsa ya huce. Na rufe shagon tun da idona ya fara rauni, kuma ko da bai yi ba, ba mai neman burushi. In na bi titi ina kallon tallar mawaƙan yanzu, duk fuska ɗaya nake gani, tabarau da sarƙa da mota a baya. Wato abin da na yi wa Ishaya da reza da gam, yanzu kowa da hannunsa yake yi wa kansa. Wasu na cewa da ya kai wannan zamani da ya sa waƙoƙinsa a waya duniya ta ji. Ina so in yarda, amma waɗanda ya yi wa waƙar sun ragu. 'Ya'yansu suna gari suna tuƙa keke mai ƙafa uku, da yawansu harshen ma ya fara kuɓuce masu. Ina jin zai zauna a benci ne kawai ya yi shiru, yadda yakan yi in abu ya fi ƙarfinsa.

Na nemi kaset ɗin, kada a ce ban nema ba. Nawa kaset ɗin, rediyo ya cinye zarensa tun yana da rai, ban damu ba don ina ganin ga mai waƙar nan kusa. Na aika Jos aka ce situdiyon ya daɗe da rufewa, ba wanda ya san inda kayansa suka nufa. Na bi tsofaffin masu rumfa, na tambaya a Iware. Zanen farko kuma gara ta cinye shi a bayan kabad, tare da wasu kwalaye. Abin da ya tsira shi ne fosta ɗaya da na sa a gilashi tun a lokacin, don in riƙa nuna wa masu kawo aiki gwanintata.

Watanni kaɗan da suka wuce wata mata ta yi sallama a gidana. Ta ce sunanta Rahila, ita ce autar Ishaya, tana goye lokacin da ya rasu. Yanzu malamar makaranta ce. Mahaifiyarta kafin ta rasu ta gaya mata cewa in tana son sanin wani abu game da waƙar babanta ta nemi Malam Garba mai fenti. Na fito mata da fostar. Ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta daɗe tana kallo. Ba su da hotonsa ko ɗaya a gida.

Ta ce, "Baba, ashe haka yake? Ɗan gayu ne?"

Na ce mata a'a. Na gaya mata kwat ɗin na aro ne, tabarau nawa ne, kuma duk abin da take gani a takardar ni na ƙirƙira, ban da hannun da ke riƙe da jitar. Na ba ta labarin yadda na ba ku yanzu, ban rage komai ba. Ba ta yi fushi ba. Ta tambaya ko zan iya cire tabaran ta ga idonsa. Na ce ba zai yiwu ba, haka aka ɗauki hoton.

Sai ta ce to in rera mata ɗaya daga cikin waƙoƙin. Na yi ta lalube, har na kamo karin guda ɗaya, wadda ya fi yawan kaɗawa a shagona. Na yi mata shi da hanci, baki a rufe. Ta ce kalmomin fa? Na ce ban sani ba. Shekara da shekaru yana zaune a gabana yana rera su, ban taɓa ce masa ya fassara min ko baiti ɗaya ba. Ita tana jin harshen amma ba ta taɓa jin waƙar ba, ni na ji waƙar amma ba na jin harshen.

Ta fito da wayarta ta ce in sake, za ta ɗauka. Na sake. Muryata ta tsufa, tana rawa, kuma ban da tabbacin ko ƙarshen karin nasa ne ko ni na cike shi da kaina. Ta saurara sau biyu, ta yi godiya, ta naɗe fostar a cikin jarida ta tafi da ita.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Ishaya bayan shekara ashirin da bakwai, ba ni da amsa mai daɗi. Mutum ne da ya san abin da yake so a faɗa game da shi, ya faɗa min a fili, kuma ya amince da ni fiye da yadda na cancanta. 'Yarsa tana da hoton wani mutum wanda idonsa a rufe yake, da gunagunin wani tsoho na ƙasa da minti ɗaya. In an tambaye ta waƙar babanta, abin da za ta kunna ke nan.