Tsagin Butar Baffa

Da safen nan shayi ya ɗiso mini a hannu ta gindin butar Baffa. Tsagin ya ƙaru.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan annoba ta kwashe mutanen gidanmu a Tarai. Butar 'yar ƙarama ce ta jan yumɓu, mariƙinta a gefe. Wani ɗan Japan da ya zo haƙa rijiyar burtsatse ne ya bar masa ita. Baffa bai taɓa sa mata sabulu ba. Da ruwan ɗumi yake ɗauraye ta, ya kife ta a faifai ta bushe. Cikinta ya yi baƙi, kullum tana ƙanshin ganye.

Wata rana yana kwance da tari, na ɗora ta a kan gawayi kamar butar ƙarfe, don in dafa masa shayi. Sai na ji ƙas.

Ya karɓa, ya bi tsagin da farce. Bai yi faɗa ba.

Ya ce, "Ba a ɗora ta a wuta, ɗana. Yanzu ni da ita, sai mu ga wa zai riga tafiya."

Shi ya riga, tun ba a yanke dawa ba. Bana ni ma tarin ya kama ni.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa in tarar bai riƙe ni da komai ba.