Maganin Shanun da Ya Mutu a Hannuna

Ni dai karatuna aji uku ne, shi ma na ukun rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Amma in aka zo maganar iyakwandishan, wato esi, to a da can duk daga Ƙofar Durbi har Ƙofar Guga ba wanda zai nuna mani kusa. Da kunne nake aiki. In na tsaya a bayan esi na saurara, zan faɗa maka ko gas ne ya yi ƙasa, ko ƙadangare ne ya shiga fanka.

Shekarar da soja suka koma bariki, ina aiki a wani ofishin kula da lafiyar dabbobi. Akwai ɗaki guda a can ƙurya, inda ake ajiye maganin rigakafin shanu a cikin tsofaffin firji guda uku. Firjin nan sun gaji, in ɗakin ya yi zafi ba sa iya riƙe sanyi, shi ya sa aka kafa esi biyu a bango suna taimaka masu. Aikina ke nan. Duk Litinin in zare ragar da ke tare datti in wanke, in hure bayan injin da famfon keke, in zura waya a bututun da ruwa ke fita, in saurari kwamfuresa. In na gama sai in je jikin ƙofa, inda aka liƙa wani kati, in ja ɗan layi a gidan wannan makon. Iyakar rubutuna ke nan, kuma ina yinsa da yanga.

Akwai ma'aunin zafi a bango, amma ni da lambobin nan gaisuwa kawai muke yi. Nawa ma'aunin man shanu ne a ƙaramar ƙwarya, a kan tebur. In na taɓa na ji shi da tauri, ɗaki lafiya. In yatsa ya nutse, akwai magana.

Mai kawo mani man wani Bafillace ne da rugarsu ke bayan Batagarawa, dogo, mai ɗan rankwafawa. Kakana Babarbare ne, don haka wasa ya halatta tsakaninmu tun ranar farko. Daga bakin ƙofa yake farawa.

"Ina bawan nan nawa mai gadin iska?"

"Ga ubangidanka nan. Ka wanke ƙafa kafin ka shigo, nan ba garke ba ne."

Yakan shiga ɗakin sanyin ya tsaya, ya ƙanƙame sandarsa, yana rawar ɗari yana dariya, wai mu mutanen gari mun kama hunturu mun kulle. Danginsa da yawa ba su yarda da allurar gwamnati ba. Shi ya riƙa lallashinsu, yana ce masu ya ga inda ake ajiye maganin da idonsa, kuma mai tsaron wurin nasa ne.

Da farar hula suka hau, sai aka buɗe ofisoshi sababbi, kowane da sabon mai gida. Wata safiya cikin bazara shugabanmu ya kira ni ya ce in ciro esi ɗaya daga ɗakin magani, in kai ofishin wani babba da aka naɗa, aro ne, kafin a sayo nasa. Na ciro, na kai, na kafa. Babban nan ya tsaya a gabansa ya buɗe babbar riga iska na shiga, ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Ni da ko takardar firamare ban da ita. Har na iso gida ina maimaita kalmar a kan keke.

Bayan mako biyu aka ce falon baƙinsa ma yana zafi. Wannan karon ba a ma gama maganar ba na ɗauko sukundireba, na ciro na biyun.

Na toshe ramukan bangon da falanki. Na samo buhunan algarara na jiƙa na rataya a taga, ina watsa ruwa a ƙasa safe da yamma kamar mai shagon shayi. Ran nan na taɓa man shanu, yatsa ya nutse. Kwana uku bayan haka ya zama ruwa, ana iya shansa. Firjin suna ta gurnani ba hutu, in ka buɗe sai ka ji sanyin bai wuce na randa ba.

Na faɗa wa mai kula da ma'ajiyar magani. Ya ce shi ma ya rubuta sama, a jira amsa. To, da na faɗa sai na ji kamar na sauke kaya. Kuma duk Litinin ina zuwa ofishin babban nan in wanke ragar esin biyu tsaf, in dawo in ja layina a katin jikin ƙofa. A tunanina ba ƙarya na yi ba, ai na wanke. Katin ba shi da gidan da za a nuna cewa injin ba ya nan. Da masu dubawa suka zo, a bakin ƙofa suka tsaya, suka ga layuka reras, suka wuce.

Gab da faɗuwar damina mutumin nawa ya zo, don an sa ranar da ma'aikata za su je rugarsu yin allura. Na tare shi a waje, na ce an hana shiga yanzu. Ya dube ni.

"Bawana, maganin naku dai yana da rai ko?"

"Ya fi ka rai, tsohon banza."

Ya yi dariya, ya tafi. Bakina ya saba da wasa, shi ya riga ni magana. Haka nake faɗa wa kaina shekara da shekaru. Gaskiyar ita ce na ji tsoron a ce ni na tona, a raba ni da aikin, a daina ce mani Injiniya.

An yi wa shanunsu allura. Da kaka ciwon huhu ya shigo yankin. Waɗanda ba su yarda da allura ba sun kwashe garkensu sun yi nisa tun da suka ji labari. Shi kuwa ya zauna, saboda ya san nasa an yi masu rigakafi. Sai shanunsa suka yi ta mutuwa. Wani likitan dabbobi ya ce mani daga baya ba lallai maganin ne ba, wataƙila ko da mai kyau ne wasu za su mutu. Na gode masa, amma ni na taɓa man nan da yatsana.

Na hau keke na je rugar. Na same shi tsugune kusa da wata saniya fara, ta miƙe wuya tana nishi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na faɗa masa komai, tun daga esin farko. Bai katse ni ba.

"Ran da na tambaye ka, ka sani?"

"Na sani."

Ya daɗe yana shafa wuyan saniyar. Ya ce, "Mi ya sa ba ka ce mani in tahi da su ba, Malam? Ai ba sai ka faɗi dalili ba." Ya sa aka kawo mani nono, na sha, don ƙin sha ya fi muni.

Bayan wasu shekaru, na bar aikin gwamnati ina bin gidaje ina wanke esi, aka kira ni wani babban gida. Na buga ƙofa, mai gadi ya buɗe, sai ga mutumin nawa, da hular sanyi da tocila a aljihu. 'Yan shanun da suka rage ya bar wa ƙanensa, ya shigo gari. Muka gaisa kamar mutanen da suka taɓa haɗuwa a mota.

Esin gidan yana can sama, tsanin da aka ba ni kuma ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya. Na jingina shi a bango ina ta gyara masa zama, yana karkacewa. Ya taso daga bencinsa, ya ajiye rediyonsa, ya kama tsanin da hannu biyu.

"Hau," ya ce. "Na riƙe."

Na hau. Ragar ba ta da wani datti sosai, amma na daɗe a sama kafin in iya saukowa.