Fuskar Zaurenmu a Kusfa

Gidanmu yana Kusfa, cikin birnin Zariya. Tun ina ƙarama abin da na fi so a gidan shi ne fuskar zaure. A saman ƙofa akwai keke na laka, wanda kakanmu ya sa magini ya tayar lokacin da ya sayi kekensa na gaske. Takubba biyu suna gefensa, sai dagi da ya sarƙe ya gangaro ta kowane ɓangaren ƙofar har kusa da dakali. An shafe zanen da makuba, shi ya sa ya yi ja mai duhu. Da yamma idan rana ta karkata, kowane layi sai ya fito da inuwarsa. Ni ba mai yawan fita wasa ba ce, don haka nakan tsaya a bakin ƙofa in bi dagin da yatsa, ina neman inda ya faro. Ban taɓa samu ba.

Kafin in gama sakandare zauruka irin namu sun kusa ƙarewa a layin. Gari yana ta cika, kowa yana neman shago. Wannan ya rushe nasa ya yi kemis, wancan ya ba mai cajin waya haya, na kusurwa ya sa bulo da ƙofar ƙarfe. Masu hali sun sayi filaye a bayan ganuwa sun tashi. Na sha jin Baba daga cikin gida yana gaya wa abokan hirarsa cewa shi ma lokaci yake jira. Duk ranar da na ji haka, abinci ba ya yi mini daɗi.

Amma ba ni da bakin magana, domin ni ce 'yar fari. Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye. Idan yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a kusa, sai ya dubi bango ya ce, "Wai babu kowa a gidan nan ne?" Idan na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa kamar da wani can yake. Inna ma ta fi shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a cikinta na tashi. Duk abin da nake so a wurinsa, daga takalmi har izinin zama a ɗakin kwanan ɗalibai, ta bakin Gwaggo yake bi. Gwaggo yayar Baba ce. Ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, kuma a ɗakinta na girma.

Ina aji uku a jami'a a Samaru wani malaminmu ya ga hoton zauren a wayata. A sashenmu ana yin bikin fasaha duk shekara. Ana baje ɗinkin hannu da rini da tukwane, a yi wasan kwaikwayo, a karanta waƙoƙi. A wannan karon suna son ƙara zagayen tsofaffin gidaje na cikin birni, kuma gidajen da suka rage ba su da yawa. Ya tambaye ni ko maigidanmu zai yarda a kawo baƙi. Na ce zan tambaya. A raina na riga na gama lissafi: idan Baba ya ga manyan mutane sun taso daga nesa don su kalli bangonsa, maganar shago ta mutu.

Ranar Asabar na je gida. Na tarar da Gwaggo tana tsinke zogale a tsakar gida. Na zauna na taya ta, na jero mata bayanin da na kwana biyu ina tsarawa.

"Gwaggo, zanen suke son gani. Yadda yake ɗin nan. Ki ce masa kada a taɓa komai."

"To, malama, na ji. Mutum ya taso tun daga Samaru don ya kalli ƙasa? Can ƙasar ta ƙare ne?"

"Ba ƙasar ba ce, aikin ne. Yanzu babu masu yin irinsa."

"Yo don ba shi da amfani ne. Su wa da wa za su zo?"

"Malamai da ɗalibai, da baƙi daga Kaduna da Legas. Wataƙila har da masu ɗaukar hoto."

Ta ajiye zogalen. "Masu hoto? A gidan nan?"

"Eh. Amma Gwaggo, kada a taɓa..."

"Ke, wannan karo na nawa ke nan? Kurma kika mayar da ni? Tun ba ki iya fyace majina ba nake kai miki saƙo."

Na koma makaranta saboda gwaji ya matso. Bayan kwana biyu ta kira ni ta ce ya yarda, har ya ce a yi wa baƙi waina da miyar taushe. Na je na shaida wa malam. Ya sa gidanmu a farkon zagayen, ya ce ni zan yi wa baƙi bayani tunda ni ce 'yar gida. Ni da muryata ke rawa idan aka ce in karanta sakin layi a aji, na amsa. Makonnin nan na yi su ina bitar abin da zan faɗa, ina tambayar tsofaffin ɗalibai sunan kowane irin zane don kada in yi kuskure.

Ana gobe biki na dawo gida da la'asar. Na sauka daga Keke Napep a bakin lungu, na lura an cike ramin da ruwa ke kwanciya a ciki da wata jar ƙasa. Na taka ta na wuce. Sai da na gota ƙofarmu na ga gidan maƙwabta, sannan na dawo da baya.

Bangon sumul yake. An yi masa shafen siminti daga sama har ƙasa, an buga fenti ruwan madara, an ja wani fentin ruwan ƙasa daga gindi. Warin fentin bai ma tafi ba. Na ɗora hannu ina lalube ko akwai tudun wani abu a ƙarƙashi. Babu. Daga baya na ji birkilan da ya yi aikin ya ce siminti ba zai kama a kan zane ba, sai an sassabe shi. Jar ƙasar da na taka a bakin lungu, ita ce.

Na shiga ɗakin Gwaggo ban ko cire takalmi ba.

"Kin ga aiki ko?" in ji ta. "Ai sai da masu aikin suka haɗa har da ranar Juma'a."

"Gwaggo, me na ce miki?"

"Na faɗa masa! Na ce zane za su kalla. Ya fita ya tsaya ya dube shi, ya ce wannan da ya tsattsage, ƙadangaru na shiga suna fita? A ɗauka a hoto a kai duniya a ce nan ne gidan su ɗalibar? Ya ce shi ba za a yi wa yarinya dariya a makaranta saboda shi ba."

"Kin ce masa kada a taɓa?"

Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Wannan kam ban faɗa ba. Ke ma ki yi wa Allah. Baƙi na tafe, in ce wa magidanci kada ya gyara ƙofar gidansa? Kin taɓa ganin an tari baƙo da tsumma a jiki? Ai da na faɗa, cewa zai yi na fara ruɗewa."

Na zauna a bakin gado. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan yi fushi da shi yadda nake so. Da shago ya yi, da na ce kwaɗayi ne. To don ni ya yi. Shekara da shekaru bangon nan yana tsaye babu wanda ya kula shi, sai da na je na jawo masa masu sonsa. Na so in kira malam in ce kada su zo, amma an riga an jiƙa shinkafar waina, Inna ta aro manyan kuloli daga maƙwabta, Baba kuma ya gayyaci abokansa.

Da hantsi suka iso. Motar ba ta iya shiga lungun ba, suka tako da ƙafa, masu kyamara a gaba. Ina tsaye a gefe cikin hijabi ina kallon ƙasa. Malam ya tsaya a gaban ƙofar, ya dubi bangon, ya dube ni. Wata baƙuwa ta tambaye shi da Turanci ko sun yi ɓatan hanya ne. Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Sallah, fuskarsa fal murna.

"Sannunku da zuwa, sannunku! Bisimilla."

"Alhaji, an sha aiki," in ji malam a hankali.

"Ɗan abin da ya samu ne, Malam. Labarin ya zo mana a ƙure."

Suka shiga zaure don cin abinci, sai na ga kawuna suna ɗagawa sama. Ni kaina na manta da cikin, saboda kullum da sauri nake ratsa shi kaina a sunkuye idan maza na zaune. Bakan gizo huɗu na laka, masu riƙe da rufin, sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, inda aka manna wani tsohon kwanon sha mai fure. A jikin kowanne akwai ƙananan zane, hayaƙin fitila na shekaru ya sa sun yi baƙi. Masu kyamara suka yi ta ɗauka. Wani har kwanciya ya yi a tabarma don ya samu saman sosai.

Malam ya yi mini alama in fara bayani. Na buɗe baki, na ga Baba yana zaune a gabana, shi ma ya kawar da kai. Duk abin da na haddace ya ɓace mini. Malam ya gane, ya karɓa ya yi da kansa. Baba kuwa kunya ta kama shi ganin inda ake ta haskawa.

"Ku yi haƙuri da nan ɗin," in ji shi. "Ba mu samu kaiwa gare shi ba. In Allah ya kai mu baɗi, za ku tarar an sa silin, an shafe ko'ina."

"A'a, Alhaji, don Allah a bar shi haka. Wallahi haka ya fi kyau," in ji malam.

Baba ya yi dariya ya dubi abokinsa. "Ka ji malamai da kara."

Haka ya ɗauke ta, kara irin ta baƙon da aka ba tuwo ba gishiri ya ce ya yi daɗi. Suka ci waina, suka yi godiya, suka wuce gida na gaba. Ban bi su ba. Sauran kwanakin bikin ma ban leƙa ba, har wasan kwaikwayon da ƙawata ta fito a ciki.

Ragowar simintin yana jingine a kusurwar zaure, kuma na ji Inna tana cewa birkilan zai dawo sati mai zuwa. Na koma wurin Gwaggo.

"Ni kam na ajiye aike," ta ce. "Na kai an ce ban kai daidai ba. Ke bakinki ciwo yake yi? Karatun me kike yi a can, in ba za ki iya haɗa magana biyu ba?"

"Gwaggo, kin san ba a yi."

"Na fi ki sani, ni ma 'yar fari ce. Har tsohonmu ya rasu ban taɓa ce masa ga abin da nake so ba. Ga shi nan, me na samu?"

Washegari bayan la'asar na leƙa na ga Baba shi kaɗai a zaure yana sauraron rediyo. Na je na dawo, na sake zuwa na dawo. Daga ƙarshe na durƙusa a bakin ƙofar ciki, na kafa idona a kan tabarma. Na tsara magana mai tsawo, da dalilai a jere, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Baba, don Allah kada a shafe cikin zauren nan. Ba kara suke yi ba. Shi suka zo gani. Na wajen ma shi suka zo gani."

Ya rage muryar rediyon. Ban ɗago ba, don haka ban san yadda fuskarsa ta yi ba, kuma har yau ina so in sani. Can sai ya ɗaga murya ta saman kaina.

"Yaya! Yaya, kina kusa?"

Gwaggo ta amsa nan take. Ashe tana bayan labule.

"Ki ce wa 'yarki na ji. Tunda karatu take yi da shi, a bar mata abinta har ta gama makarantar."

Ya mayar da muryar rediyon yadda take. Simintin aka yi daɓen madafa da shi, Inna ta yi ta sa albarka.

Maganar bangon waje kuwa ba a sake tayar da ita ba. Idan abokansa suka tambaye shi yaushe za a ƙarasa gyara, nakan ji yana cewa, "Yarinyar ce ke wani nazari a kai, ta kusa gamawa." Wani mai sayar da kayan waya ma ya riga ya zo ya auna faɗin zauren da ido. Yanzu ina ajin ƙarshe, zango ɗaya ya rage mini. Makon jiya na je ofishin sashenmu na tambayi yadda ake neman gurbin digiri na biyu.