Inuwar Rumfar Ƙofa

Don Chebo Tapia ya tsufa yana ajiye motocin baƙi a ƙofar tsohon otal ɗinmu da ke gefen Tucson. Ni ke riƙe da takardun ma'aikata, kuma ban taɓa sa ƙorafi a fayil ɗinsa ba sai bana.

Da sanyi attajirai ne ke cika ɗakunan. In zafi ya sauko sai su gudu, a karya farashi, mutanen gari su zo: malaman makaranta, direbobin bas, ma'auratan da suka ɗauki hoton biki a ƙofarmu amma ba su taɓa kwana ciki ba. Don Chebo ya fi son waɗannan. Kowace mota sai ya shimfiɗa mata farin tawul a sitiyari, ya naɗe ƙarfen bel ɗin kujera, don kada mai ita ya ƙone. Yana yi yana tsiya; ya taɓa ce wa wani motarsa ta girmi otal ɗin, a sa ta cikin kayan tarihi.

Inuwarmu ɗaya ce, ta rumfar ƙofa. Sabon manaja, Mista Voss, ya ɗauko hayar motoci biyu masu sheƙi ya jera a ciki don ado. Ya ce na baƙi a kai su filin baya, inda kwalta ke narkewa, kuma wanda ya saɓa zai bar ƙofa.

Sai ga Doña Amparo, tsohuwa mai numfashi da tukunyar iska, jikarta ta kawo ta a wata akori-kura mai buɗaɗɗen baya, duk tsatsa. Don Chebo ya san motar da ta yini a filin baya tanda ce, wannan baiwar Allah ba za ta iya zama cikinta ba. Ya cusa akori-kurar tsakanin masu sheƙin, ya zura makullin a aljihu.

Voss ya fito yana huci, ya ce a janye wannan gwangwanin.

"Mista Voss, waɗannan biyun wa zai shiga su?" in ji Don Chebo. "Ƙarfe ba ya suma. Ita tana suma."

Voss ya ce to ya zaɓa, makulli ko ƙofa. Don Chebo ya ce makullin na mai mota ne, ranar tafiyarta zai ba ta. Haka aka yi. Doña Amparo ta tafi a ranar cikin mota mai sanyi tana sa masa albarka.

Washegari aka mai da shi ɗakin wanki, ƙarƙashin ƙasa, wurin da ya fi filin baya zafi. Ni aka sa na buga takardar, wai "ɓata kwarjinin otal". Da na kai masa, ya ce, "'Yata, sun kawo ni inda tawul yake."

Kullum da safe yana aiko wa abokan aikinsa na ƙofa da tulin tawul a ninke. Motocin adon nan suna nan a inuwa, har yau babu wanda ya shiga su.