Sahun da Na Karkatar

Edita, ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani abu da na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa.

Lokacin da abin ya faru ina saurayi, ban daɗe da gama babbar difloma a fannin fasahar zanen gine-gine ba. Haifaffen Wurno ne ni, ɗan manomin albasa, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya fara cin abinci da biro maimakon fartanya. Na samu aiki a wani ƙaramin ofishin zane a Sakkwato. Ga wanda bai san aikinmu ba, maigidana akitet ne, shi ke fito da siffar gini, ni kuma in mayar da ita zanen da magini zai iya bi: kaurin bango, zurfin harsashi, faɗin ƙofa, inda rodi zai shiga da inda ruwan sama zai bi ya sauka. A gida ba ruwan kowa da wannan bambanci, Injiniya kawai ake ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina da wata farar hular kwano da nake ɗaurewa a bayan babur ko da ɗaurin aure za ni.

A shekarar nan ne mutanen wani ƙauye da ke tsakanin Wurno da Rabah, dangin mahaifiyata, suka yanke shawarar rushe tsohon masallacinsu na ƙasa, wanda damina ta ci ƙarfinsa, su gina na bulo. Kawuna, wanda shi ne shugaban kwamitin aikin, ya zo har ofis ya ce tunda suna da ɗa mai zane, ba za su kai wa bare ba. Maigidana ya ce in yi shi ni kaɗai. Wannan ne zane na farko da sunana zai fito a kusurwar takarda, don haka na zuba masa duk abin da na iya. Aka kawo mini takardar safiyo mai nuna iyakar fili, da 'yar kibiyarta mai nuna arewa. Tun ina ƙarami abin da nake ji shi ne a fuskanci gabas a yi salla, a kwantar da mamaci yana kallon gabas, kada a tsuguna ana fuskantar gabas. A makaranta kuma aka koya mini cewa idan ka kalli arewa, gabas tana daidai hannunka na dama. Ban taɓa zama na tambayi kaina ko gabas ɗin salla da gabas ɗin takarda abu ɗaya ne ba. Na ja layi a kwamfuta, na dasa wurin tsayuwar liman daidai hannun daman kibiya, na rubuta "gabas" da manyan baƙaƙe.

Maginin da aka ba aikin wani dattijo ne, sa'an mahaifina, kowa Baba yake ce masa. Ya gaji ginin ƙasa wurin ubansa, daga baya ya koyi na bulo, kuma da wuya ka shiga ƙauye a yankin nan ba ka ga zaure ko rumbun da ya gina ba. Bai iya karatun boko ba, amma yana gane zane idan an yi masa bayani sau ɗaya. Da aka rushe tsohon masallacin, ashe ya kafa turaku biyu a bakin bangon alƙibla kafin a kwashe ƙasar, ba wanda ya sa shi. Ranar da na je fitar da harsashi na ɗaure igiyoyina bisa ga takarda, sai igiyar gaba ta gitta turakunsa maimakon ta bi su. Ya tsaya yana kallo. Sai da aka watse shan ruwa ya yafuto ni bayan wata darbejiya, mu biyu kaɗai, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, igiyag ga taka ba ta bi turakuna ba. Gabas ɗin da munka gada ta ɗan jirkita hagu. Mi kag gani?"

Na tuna amsar da na ba shi sarai. Na ce mutanen da kintace suke yi da fitowar rana, rana kuwa ba wuri ɗaya take fitowa rani da damina ba, amma nawa awon daga na'urar safiyo ya fito, kwamfuta kuma ba ta kintace. Ya sake tambayata ko na tabbata gabas ɗin takardar ita ce ta salla. Na ce Baba, gabas ai gabas ce. Ya ce to, ni na yi karatu. Da hannunsa ya je ya tuge turakun nan biyu ya saka a hammata.

An yi ginin da gayya. Bayan girbi jakuna suka dinga jido yashi daga gulbi, mata na kawo ruwa, samari na miƙa bulo. Baba ya yi aiki mai kyau, bango a miƙe sak, ko kusurwa ɗaya ba ta kauce wa zanena ba. Ranar buɗewa na ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, kuma hotunan nan su na nuna aka ɗauke ni a wani kamfani mafi girma da ke da ayyuka wajen Goronyo.

Ba a shekara ba magana ta fara fitowa. 'Yan ci-rani suka dawo da wayoyi masu nuna alƙibla, kowa ya ɗora tasa a kan tabarma sai ya ga alƙiblar ta karkata hagu. Da farko dattawa suka ce sharrin waya ne. Sai liman ya ji a rediyo cewa akwai ranar da rana ke tsayawa daidai saman Ka'aba, a nan wajenmu da hantsi, kuma inuwar duk sandar da aka kafa a tsaye a lokacin tana nuna layin alƙibla. Ya jira ranar, ya kafa sanda a harabar masallaci a gaban jama'a. Inuwar ba ta yarda da bangona ba. Alƙiblarmu ba gabas tsantsa ba ce, tana jingine wajen arewa, daidai inda turakun Baba suka nuna. Malamai suka ce sallolin baya sun yi, amma tunda an sani dole a gyara. Rushe gini ba zai yiwu ba, sai aka sayo fenti aka ja layuka a karkace a kan daɓe. Sahun farko ya gajarce, ginshiƙai suka dinga yanke sahu, liman kuma ya koma tsayawa a gefen wurin da aka gina dominsa.

Wannan kuskure ne, kuma da a nan na tsaya da ban rubuto muku ba. Kwamiti ya kira ni zauren kawuna, Baba na zaune kusa da ƙofa. Na shimfiɗa takarda na nuna musu inda na rubuta "gabas", na ce zane dai ga shi, gabas ya ce, amma mayar da zane ƙasa aikin magini ne. Ban yi ƙarya a baki ba, na dai jera gaskiya yadda za ta faɗa kan wani. Tsoro nake ji, sabon aiki gare ni, kuma na san idan aka ji mai zanen ya karkatar da masallaci, ko bayan gida ba wanda zai sake ba ni in zana. Ba wanda ya ji abin da ya gudana a bayan darbejiya, domin mutuncina da Baba ya kare ranar nan shi ya bar shi ba shaida. Aka juya aka tambaye shi. Ya dube ni, ba da fushi ba, sannan ya ce, "Ni nig gina shi." 

Daga nan aiki ya fara janye masa. Aka ce tsufa ya zo, ido ya tafi. Ƙauyen da ke maƙwabtaka da su suka fasa ba shi ginin makarantar Islamiyya, masu gidaje suka koma kiran wasu, ya dawo yaɓen rumbu da gyaran katanga. Abin da ya fi muni, sunansa ya shiga bakin mutane. Duk abin da ya karkace, ko ɗinki ne ko kunyar gona, sai a yi dariya a ce awon Baba ne. Ni kuwa gaba na yi ta yi. Na buɗe ofishina, na zana masallatai da dama, kuma an san ni da cewa ba na fitar da harsashi sai na auna alƙibla sau uku na kira limamin wurin ya gani. Mutane na yaba mini wannan tsantseni, ba su san inda na samo shi ba. Idan na je ƙauyen gaisuwa, nakan san yadda na yi na bar garin kafin a kira salla.

Sai bara na je na same shi, da na ji ba shi da lafiya. Yanzu idon ya tafi da gaske, da murya ya gane ni. Na durƙusa na faɗi abin da shi da ni muka riga muka sani, na roƙi gafara. Ya ce ya yafe tun a zauren. Na tambaye shi abin da ya hana shi magana, ya ce ya duba ya ga shi ya kusa sauke cebur, ni kuma ko ɗauka ban yi ba, ga mahaifiyata 'yar garin ce, da wane ido za ta shiga cikin mata. Ya sa aka ɗauko turakun nan biyu daga bayan ɗaki, gara ta ci rabinsu, ya ce in tafi da su ofis. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Da aka yi la'asar na tashi a cikin masallacin, ƙafafuna a kan layin fentin nan, na faɗa wa jama'a komai. Na zaci za a yi hayaniya, ba a yi ba. Rabin 'yan kwamitin sun rasu, har da kawuna. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa, kowa ya nemi takalminsa. Baba ya rasu kafin damina.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Ga 'yan'uwana masu zane, musamman masu tasowa: kalmar da ke kan takarda da wadda ke bakin mutane suna iya zama iri ɗaya, nufinsu daban, don haka idan tsohon magini ya ja ka gefe ya ce igiyarka ba ta bi ba, ka kwance ta ka sake awo. Idan kuma kuskuren ya riga ya faru, ka amsa shi ranar da aka tambaya, domin gaskiyar da aka jinkirta takan tarar mutane sun gama gini a kan ƙarya.

Ranar da na je ta'aziyya, ina fitowa daga garin na wuce wasu mutum biyu suna ɗora wa jaki buhunan albasa. Kayan ya rinjaya gefe ɗaya. Ɗayan, wanda na tabbata yana sahun gaba ranar da na yi jawabina, ya ja da baya ya duba, ya yi dariya ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai, sake shi, wanga ai awon Baba na."